Sata a Gidan Ɓarawo Rance Ce?

Bara war haka na raka yayata Kantin Kwari haɗo lefen ƙanenmu. Ni dai ɗan riƙon jaka ne da lissafi, don ban san kan atamfa ba. Muka kutsa wani shago can cikin layi, inda aka jera turame har rufi. Yaron shago ya hau tsani ya sauko da guda biyu, ya shimfiɗa a kan benci. Fure iri ɗaya, launi iri ɗaya, hatta takardar nan mai ruwan zinariya da ake mannawa a jiki, a idona duk ɗaya ce. Mai shagon ya ce, "Hajiya, ga uwar, ga 'yar. Wacce za a sa miki?" Yaya ta murza gefen ta farko da yatsu biyu, ta juya bayanta ta duba, ta kai hanci ta sansana, sannan ta yi wa ta biyun haka. Ta ce, "Alhaji, wannan ai roba ce, wanki biyu za ta nuna halinta." Ya yi dariya ya ce, "Ai ban ɓoye miki ba. Amma kuɗin uwar guda zai saya miki 'yar shida, kuma a wajen biki wa zai zo ya sansana ki?"

Tun daga ranar maganar mutumin nan take yi mini yawo a ka. Bai yi mana ƙarya ba, bai cuce mu ba. Amma furen da ke jikin turamen nan biyu ba daga sama ya faɗo ba. Akwai wanda ya zauna ya zana shi, ya goge, ya sake, ya gwada launi wajen bakwai kafin ya tsaya a kan uku, kuma duk turamen 'yar da za a sayar daga Kwari har Maraɗi, ko kwabo ba zai shiga aljihunsa ba. Abin da ake kira satar fasaha ke nan. Sai dai duk wanda na tayar wa da zancen, ɗan kasuwa ne ko ɗan boko, sai in ga ya kama ɓangare guda ya riƙe kam, alhali kowane ɓangare na da hujjar da ba a ture ta da hannun hagu.

Bari in fara da masu kare kwaikwayo, don hujjarsu ta farko ta fi kowace daɗin ji. Cewa suke yi, wai wa ya saci na wa? Atamfar da muke kira Holan, wadda lefe bai cika ba sai da ita, asalinta ba na Holan ba ne. Mutanen tsibirin Java na ƙasar Indunusiya ne suka shahara da rinin da suke kira batik. Mace za ta zauna da ɗan mazubi mai siririn baki, tana tsiyaya narkakken kaki a jikin ƙyalle, tana fitar da zane layi bayan layi. In an tsoma a rini, duk inda kakin ya rufe sai ya ƙi shan launi. Zane ɗaya mai kyau yana iya cin watanni. Turawan Holan da ke mulkin ƙasar suka ga kasuwa, suka ce bari su yi irinsa da inji a garuruwansu, su kai wa masu abin su sayar musu da araha. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, yana cikin waɗanda suka shiga wannan sana'a. Mutanen Java ba su yi na'am da kayan sosai ba, saboda na inji yana fitowa da tsage-tsage a inda kakin ya fashe launi ya kutsa, su kuwa a wurinsu wannan aibi ne. A shekarun 1890 wani ɗan kasuwar birnin Glasgow mai suna Ebenezer Brown Fleming ya fara kai irin wannan kaya gaɓar tekun da ake kira Gana a yau, sai ga aibin can ya zama ado a nan. Har gobe tsagen nan na cikin abin da mata ke dubawa su gane gangariya.

Ba a nan aron ya tsaya ba. Ɗauki zanen nan da duniya ta sani, mai ado kewaye da wuya ya gangaro ƙirji, wanda ake yawan ɗinka 'yar shara da shi, a Gana kuma suka raɗa masa Angelina. Wani mai zane na Vlisco, Toon van de Manakker, ya fitar da shi a farkon shekarun 1960, kuma sanannen abu ne cewa daga rigar wata basarakiyar Habasha ta ƙarni na 19 ya ɗauko siffarsa. (Ita kanta kalmar dashiki da baƙaƙen Amurka ke kiran rigar da ita, ɗan ciki ɗinmu ne ya bi ta bakin Yarabawa ya tsallaka teku.) Masu kare kwaikwayo sai su tambaya: nawa aka biya Habashawa? Nawa aka biya matan Java? Kuma wa ya ba atamfar darajar da take taƙama da ita in ba matan kasuwar Lome da Akra da Abijan ba? Su ke raɗa wa kowane zane suna, su mayar da shi habaici tsakanin kishiyoyi, su gaya wa wakilin kamfani launin da zai tafi da wanda zai yi kwantai. A Lome har aka yi attajiran mata da ake kira Nana Benz, saboda motocin Marsandi da suka saya da ribar atamfa. Saboda haka in yau masana'antar Caina ta ɗauki hoton zanen Holan ta buga, a cewarsu sata ce a gidan ɓarawo, rance ce. In kuma Bature ya yi ƙorafi, wanzami ne ba ya son jarfa.

Hujja ta biyu ta aljihu ce, kuma ita ta fi yi mini nauyi. A da, tun daga nesa atamfa ke raba matar attajiri da matar lebura. Yanzu 'yar malamin firamare za ta fitar da ankon bikinta, ƙawaye ashirin su saya ba wadda ta ci bashi, su fito fes a hoto. Yaron da ubansa ke tura baro zai yi kwalliyar sallah da shadda mai ƙyalli da hula mai kama da zanna, ko da inji ne ya yi ta. An ce araha ba ta ado, to ga shi ta yi, ko da na wata uku ne. Masu wannan ra'ayi sukan ƙara da cewa kamfanin Helmond bai yi asarar komai ba a kan matar da ta sayi 'yar, don ko sama da ƙasa za su haɗu ba ta da kuɗin uwar. Cinikin da dama can ba za a yi ba, ta yaya za a ce an sace shi? Wanda bai taɓa tsayawa bakin shago yana auna kayan sallar yara biyar da albashin wata ɗaya ba, ya yi a hankali kafin ya yi wa mai sayen kwaikwayo wa'azi.

Ta ukun daga cikin gida take. Sana'o'inmu kaf a kan kwaikwayo suka tsayu. Yaron da aka kai wajen maɗinkin babbar riga a birnin Zariya, ba a ce masa ya ƙago sabon abu. Tsohon aiki ake miƙa masa a ce ya bi, aska biyu, aska takwas, tambari, har hannunsa ya faɗa. Wa ya fara zana aska takwas? Ba mai nuna maka kabarinsa, balle magadansa. Hular zanna daga Borno ta fito ta game ƙasar Hausa, ana ɗinka ta gida-gida, ba wanda ya nemi izinin wani. Ko a adabi haka abin yake. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a 1937, malaman adabi sun bi sawun labaransa da dama sun same su a Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan nan Grimm da wasu littattafan Gabas. Duk da haka ba Bahaushen da ke kallon Imam a matsayin ɓarawo. Masu wannan hujja suna ganin kafa shinge a kan zane baƙuwar al'ada ce, kuma da kakanninmu sun bi ta, da rabin abin da muke alfahari da shi bai samu ba.

To, daga nan na fara raba hanya da su. Karin maganar nan ta gidan ɓarawo tana aiki ne in gidan ɓarawon kaɗai aka shiga, kuma ba shi kaɗai aka shiga ba. A tambayi mutanen Kakuri a Kaduna. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin Ingila na David Whitehead, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles. A tsakiyar shekarun 1960 aka kafa masaƙar UNTL, kuma abin lura, 'yan kasuwar Hong Kong ne suka kafa ta, wato Sinawan wancan zamani injin suka kawo mana, ba turmi ba. Zuwa shekarun 1980 masaƙun Nijeriya sun haura ɗari, suna cikin manyan masu ɗaukar ma'aikata in aka cire gwamnati. Masu buga atamfa a cikinsu suna da ɗakunan zane, inda 'ya'yanmu ke zaune da alƙalami da fenti, har Jami'ar Ahmadu Bello na da sashen da ke koyar da zanen tufafi. Kaduna Textiles ta rufe a 2002. UNTL ta rufe masaƙarta ta Kaduna a 2007, ko da yake an yi ta ƙoƙarin farfaɗo da ita daga baya.

Zan yi adalci a nan, don ban son in ɗora wa jaki kayan raƙumi. Ba satar zane kaɗai ta kashe masaƙun nan ba, ba ma ita ce kan gaba ba. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, tsofaffin injuna, lalacewar noman auduga, da fasa-ƙwauri ta kan iyakar Binin da Nijar, su suka kwantar da majinyacin. Da a ce kayan waje sun shigo da zanensu na kansu, da wuya Kakuri ta iya gasa da farashinsu. Amma masu masaƙu a Nijeriya da Gana sun sha kokawa da abu guda: su fitar da sabon zane, kafin a yi nisa sai ga irinsa ya shigo daga waje, ɗauke da tambarinsu, wani lokaci har da rubutun da ke cewa a cikin ƙasar aka yi. A Gana abin ya kai gwamnati ta kafa kwamitin kame a 2010, ana kwashe irin waɗannan kaya daga kasuwa ana cinna musu wuta. Ƙonawar ba ta kawo ƙarshen abin ba, amma ta nuna cewa mai kukan ba Bature ba ne kaɗai.

Sai marina. Karofin Ƙofar Mata a Kano, wanda ake cewa tun 1498 yake, ba daga Java ya ari komai ba. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafin garin ana kai su har Tambutu da Turabulus. Adon da ke jikin rinin nan, mata ne ke zama a gida da zare da allura suna ƙulla shi ɗaya bayan ɗaya, kwana da kwanaki, sannan marini ya tsoma a baba, ya ɗaga ya sha iska, ya sake tsomawa har shuɗin ya kama. Yau ana iya ɗaukar hoton wannan aiki a buga shi a jikin yadin roba, har da ɗan nashe-nashen launin da ke nuna aikin hannu ne. A 2015 masu rini a Kano sun yi zanga-zanga har fadar sarki a kan rinannun kayan Caina da suka cika kasuwa. Matan Abekuta masu adire su ma kukan da suke yi ke nan. Ga su nan, kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Hujjar cewa mai sayen 'yar dama ba zai sayi uwar ba, ta yi daidai a kan Holan, amma a kan marini da ma'aikacin Kakuri ba ta tsaya ba, don abokin cinikinsu shi ne dai wannan talakan da mai matsakaicin ƙarfi.

Yana da kyau kuma mu daina yin kamar Basine ne ke yawo a lungunanmu da kyamara. Yawanci namu ne ke kai samfur. Dila zai lura da zanen da ya karɓu, ya yanki ƙyalle ya sa a jaka ya hau jirgi zuwa Gwanzu ta ƙasar Caina, ko ma ya ɗauki hoto ya tura ta WhatsApp, ya faɗi yawan kwantena da irin yadin da kuɗinsa zai iya. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A nan ne kuma ainihin rashin adalcin yake, wanda mai kallo daga waje ba ya gani. Mai ƙirƙira caca yake yi. Zai fitar da zane goma, ya biya mai zane, ya biya sassaƙa abin bugawa, ya yi gwajin launi, sannan takwas su yi kwantai, biyu su tafi. Ribar biyun nan ita ke biyan asarar takwas ɗin. Mai kwaikwayo kuwa yana gefe ya naɗe hannu, sai kasuwa ta gama nuna masa waɗanda suka ci, ya ɗauki biyun kawai. Ba ya biyan kuɗin kuskure ko sau ɗaya. Arahar da muke yabo, wani yanki nata daga ragin auduga ne, wani yanki kuma kuɗin kuskuren wani ne da ba a biya ba. In aka daɗe a haka, mai hankali zai daina cacar, kowa ya koma jiran wani ya fara.

Ban gane zurfin abin ba sai da ya shigo gidanmu. 'Yar yayata ta karanci zane, ta buɗe ɗan shagon ɗinki a unguwarsu da keke biyu da yarinya ɗaya mai taya ta. Ta yi mako uku tana fama da wata doguwar riga, musamman wuyan, yadda za ta naɗe shi ya tsaya ba tare da ya takura mai lulluɓi ba. Ta ɓata turmi biyu a gwaji. Da ta samu yadda take so, ta biya mai hoto, ta roƙi ƙawarta ta saka, ta ɗora a Instagram da sunan shagonta a kusurwa. Ba a yi kwana goma ba wata ta turo mata hotonta, nata na kanta, a shafin wata mai ɗinki a wani gari, an yanke kusurwar da sunan yake, an rubuta a turo oda. Ta yi mata magana cikin ladabi. Amsar da ta samu ita ce, "Haba 'yar'uwa, ɗinki ne fa, ba ke kika ƙago allura ba. Arziki na Allah ne." Da ta zo tana ba ni labari idonta ya kaɗa, ta ce, "Kawu, wallahi ba kwaikwayon ne ya ƙona mini rai ba. Kullum mata na kai hotona wajen telansu su ce irin wannan, ni ma a haka na koya. Amma ta zauna ta yanke sunana fa, Kawu. Da hannunta."

Maganar yarinyar nan ce ta warware mini hujja ta uku, wadda na daɗe ina ganin ba ta da amsa. Gaskiya ne al'adarmu ta yarda da kwafa. Littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na Abdullahin Gwandu da waƙoƙin Nana Asma'u, da hannu aka yi ta juyar su daga zaure zuwa zaure, ba wanda ya nemi izini, ana ma ganin lada ake samu. Amma duba yadda ake yi. Mai juyi yakan fara da sunan mawallafi, in ya kai ƙarshe kuma ya rubuta nasa sunan a matsayin wanda ya kwafa kawai, ya roƙi mai karatu addu'a. Marubuta waƙoƙin ajami sukan saƙa sunansu a baitocin ƙarshe, wasu har da shekarar da suka yi waƙar cikin ramzi, don kada a wayi gari wani ya ce tasa ce. Ilimin hadisi kuwa kacokan a kan wane ya ji daga wane aka gina shi. Ashe mutanen da suka buɗe ƙofar kwafa ba su taɓa buɗe ta shafe suna ba. Shi ma Imam ba juye labaran ya yi ya miƙo ba. Ya narka su, ya sa su a bakin aku, ya zaunar da su a fadar sarkin da kowane Bahaushe zai gane, har suka zama abin da ba a taɓa yi ba. Ko masu zanen Helmond, duk da tushen aikinsu aro ne, sun shafe sama da ƙarni suna zana sababbi. Mai ɗaukar hoto ya buga, me ya ƙara?

Ta fuskar addini ma, wani ɓangaren ba ya buƙatar dogon bincike. Kowa ya san ƙissar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya cusa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawatar masa a kan algus. Manna tambarin wani a jikin kayan da ba nasa ba, algus ne tsagwaronsa. Za a ce ai mai shagonmu na Kwari ya faɗi gaskiya. Haka ne, amma gaskiyarsa a bakin shagonsa ta tsaya, takardar ƙaryar kuwa ta bi turmin har kasuwar ƙauye, inda wani ango zai biya kuɗin uwa ya tafi da 'ya, dangin amarya su gane, a yi masa dariya. A kan mallakar fasahar kanta, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, ta zartar cewa sunan kasuwanci da tambari da haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ta kare, ba ya halatta a keta ta. Akwai malaman da suka saɓa, musamman a kan littattafan addini, don gudun kada a faɗa cikin ɓoye ilimi. Damuwarsu abin girmamawa ce. Sai dai ban ga yadda za a miƙa ta har ta kai ga wuyan riga ko furen atamfa ba.

To ina doka? A nan kam sai na koma na ba masu kare kwaikwayo gaskiyarsu, don dokar ta fi dacewa da mai lauya. Nijeriya na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris na 2023, ta maye gurbin ta 1988. Tana kare aikin mai zane ko bai yi rajista ba, har shekara 70 bayan rasuwarsa. Amma zanen da aka yi da niyyar masana'anta ta riƙa buga shi da yawa, wata doka ce daban ta 1970 ke kula da shi. Ita kuwa sai an yi rajista, kariyar shekara biyar ce da za a iya sabuntawa sau biyu, kuma dole zanen ya kasance sabo, ba a riga an baje shi ga jama'a ba. Wato telar da ta ɗora aikinta a intanet kafin ta je ofishin rajista tana iya rufe wa kanta wannan ƙofa da hannunta, ba ta sani ba. In ma ta yi komai daidai, Babbar Kotun Tarayya za ta je, kuma kafin a saurari ƙarar an daina yayin rigar. Zanen gargajiya irin na marina, doka ta ambace shi cikin kayan al'adar da ba a taɓawa don kasuwanci sai da izinin hukuma, amma wane marini ne zai bar rijiyarsa ya bi sawun kwantena? Maƙwabtanmu na Nijar da Kamaru da Cadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. A can aka yi wa kilishin Nijar da albasar Galmi rajista da sunan yankinsu, ta yadda sunan ya zama na jama'ar wurin gaba ɗaya. Irin wannan rigar ce za ta yi wa Ƙofar Mata daidai, don ba mutum ɗaya ke da zanen ba, amma kuma ba na kowa da kowa ba ne.

In aka matsa mini in faɗi inda na tsaya, ba na zubar wa kamfanin Helmond hawaye, yana da lauyoyin da za su yi masa kuka. Ba na kuma ganin laifin matar da ta sayi abin da ƙarfinta ya kai, matuƙar ta san abin da ta saya. Telan da ya kalli aikin wani ya koya, ya juya shi ya zama nasa, sana'a yake yi kamar yadda ubangidansa ya yi. Akwai ma kamfanonin Caina irin su Hitarget da ke sayar da atamfa da sunansu na kansu, mata na neman ta da wannan suna, kowa ya san abin da ya biya. Wanda na kasa nemo wa uzuri shi ne mai ɗaukar aikin wani ɗungurungum, ya cire sunan mai shi ko ya manna shi a kan jabu, ya shiga kasuwar mai shi ya kore shi. Kuma tarihin Java ba ya wanke shi. 'Yan fim ɗinmu sun yi shekaru suna kuka da masu kwafar faifai, alhali wasunsu na ɗauko labari da karin waƙa daga fina-finan Indiya ba ko sannu. Mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, gaskiya ne. Amma gyangyaɗinsa bai mayar da kuɗin ɗan wasan da aka cinye halal ba.

A ranar nan ta Kwari dai, uwa biyu muka saya da 'ya shida. Yaya ta jera 'ya'yan a ƙasan akwati ta ɗora uwayen a sama, ni kuma na biya ban ce uffan ba. Bayan an kai lefe, amarya ta kawo biyu daga ciki shagon 'yar yayata a ɗinka mata. Ina zaune a kan benci yarinyar ta ɗora dutsen guga mai zafi a kan takardar zinariyar tana ɓanɓarewa a hankali. Amarya ta ciro waya ta nuna mata hoto, ta ce irin wannan take so. Riga ce mai kyau, an yanke hoton daga gefe ɗaya. Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta tambayi amarya ko ta san mai ɗinkin. Amarya ta ce a'a, turo mata aka yi. Ta ajiye wayar a kan keke, ta jawo tef daga wuyanta, ta ce, "Anti, ɗan ɗaga hannunki."